Kwatar ƙofar gidanka: me doka ta ɗora maka?

A Sakkwato yawancin gidaje ba su haɗe da wani babban bututun kai ƙazanta. Kowa da masai ko sokawe a cikin gidansa, ruwan wanka da na wanke-wanke kuma ta rariya yake fita zuwa kwata. Idan ruwan Agusta ya sauka kwata ta toshe, abin da ke shiga zaure a Mabera ko Runjin Sambo ruwan sama ne gauraye da najasa, yara na tsallakawa a ciki da ƙafa ba takalmi.

Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina magudanun ruwa da kula da su, tare da kwashe shara da bahaya. Don haka mutumin Sakkwato ta Arewa, ta Kudu ko Wamakko yana da hurumin tambayar shugaban ƙaramar hukumarsa ina aikin yake.

Sai dai mazauna ma an ba su nasu kason. Hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin tsaftar muhalli da kula da shara a 2009. A ciki an wajabta wa mai kula da gida ko shago ya tsaftace magudanar da ke kewaye da gininsa a kowane lokaci, kuma an hana share datti ko jefa shi cikin kwata. Ɗan haya bai fita ba, tunda shi ke zaune a gidan. Jami'an duba-gari na iya ba mutum takardar gargaɗi, in ya yi kunnen ƙashi a kai shi kotu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne masu jiran hadari ya haɗo su buɗe sokawe cikin kwata, wai ruwa zai tafi da shi. Ina zai kai shi? Gidan maƙwabcin da ke gangare, daga nan rijiyar unguwa, sauran kuma Gulbin Rima. Wanda ya ga yadda amai da gudawa ya ɗebi rayuka a jihar nan a 2021 ba zai kira wannan dabara ba. Masai in ya kusa cika, a kira masu kwasa tun rani, a kuma tambaye su inda za su zubar. Mai haƙa sabo ya nisanta shi da rijiya aƙalla mita 30.

Ledar fiya wota da robar lemo su ne kan gaba wajen toshe kwalbati. Yashin gini da aka jibge a bakin hanya ma yana zurarewa ya daskare a ƙasan kwata. Sauran man suya kada ya bi rariya, kunzugun yara kada ya shiga masai. Mai shagon da ya rufe kwata da siminti ya bar wurin da za a iya ɗagawa a yashe.

In an yi gayyar yasa kafin Yuni, a kwashe laka da dattin da aka fito da su a ranar, don in aka bar su a gefe ruwan farko zai mayar da su. Toshewar da ta fi ƙarfin shebur, mai unguwa ya jagoranci kai ƙorafi a rubuce ga sashen lafiya na ƙaramar hukuma, a ajiye kwafi.