Ƙananan Kwalejojin Ilimi Mai Faɗi a Amurka: Yadda Ɗalibi Ke Zaɓen Waɗanda Zai Nema

Kwalejojin ilimi mai faɗi ƙananan makarantun gaba da sakandare ne a Amurka da suka duƙufa kan digirin farko. Galibinsu masu zaman kansu ne, ɗalibansu ba su cika wuce 3,000 ba, kuma mafi yawan ɗaliban a cikin makaranta suke kwana har su gama shekaru huɗu. Digirin da suke bayarwa matsayinsa ɗaya da na jami'a. Iyaye a Najeriya sukan ɗauka makaranta ce ƙasa da jami'a, irin kwalejin horar da malamai, alhali wasunsu sun fi manyan jami'o'i da yawa wuyar shiga.

Ɗalibi ba ya shiga da kwas a hannu kamar yadda ake yi ta JAMB. Yakan ɗauki darussa daga adabi, tarihi, lissafi, kimiyya da falsafa, sannan ya tsayar da fannin da zai ƙware a kai, yawanci kafin ƙarshen shekara ta biyu. Azuzuwa ƙanana ne, farfesoshi ne ke koyarwa da kansu, kuma tun da babu ɗimbin masu digiri na biyu da na uku, ɗalibin digirin farko ne ke shiga ɗakin bincike tare da malaminsa.

Tsofaffin cikinsu suna arewa maso gabashin ƙasar: Williams (1793) da Amherst (1821) a jihar Massachusetts, Bowdoin (1794) a Maine, Middlebury (1800) a Vermont. Coci-coci ne suka kafa da yawa daga cikinsu, kamar Swarthmore da mabiya ɗariƙar Kweka suka kafa a 1864. Oberlin a Ohio, wadda aka buɗe a 1833, tana cikin na farko da suka karɓi mata da baƙar fata. Akwai na mata zalla irin su Mount Holyoke, Smith da Wellesley, akwai kuma Spelman da Morehouse a Atlanta da aka kafa domin baƙar fata. Kofi Annan na Ghana, wanda ya zama babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, a Macalester ta jihar Minnesota ya gama digirinsa a 1961.

Tsarin jerin

Masu ba ɗalibai shawara sukan kasa jerin makarantun da ɗalibi zai nema kashi uku: makarantun da samun gurbinsu sai da rabo ko da ɗalibi ya yi fice, waɗanda sakamakonsa ya yi daidai da na ɗalibansu, da waɗanda kusan tabbas za su ɗauke shi. Manhajar Common App, wadda yawancinsu ke karɓar takardu ta cikinta, tana bari a nemi makarantu har 20, sai dai cika ashirin ɗin ba gwaninta ba ne. Kwalejoji da yawa suna neman ƙarin rubutu kan dalilin da ya sa ɗalibi ya zaɓe su, kuma a ƙaramar makaranta mai karanta takardu yakan gane rubutun da aka sauya wa suna kawai. Yawancin kwalejoji suna fitar da alƙaluman shigar ɗalibansu a takardar da ake kira Common Data Set, inda ake ganin yawan masu nema, yawan waɗanda aka ɗauka da irin makinsu. Wannan ya fi jerin martaba na mujallar U.S. News amfani, wadda ke jera makarantu tun 1983. Kwalejin Reed a Oregon ta daina ba wannan mujalla haɗin kai a 1995, ba tare da ingancin karatunta ya ragu ba.

Kuɗi

Nan ne jeri ke tsayawa ko ya rushe. Kuɗin shekara a fitattun kwalejojin, haɗe da masauki da abinci, ya haura dala 80,000. Masu arziki daga cikinsu suna alkawarin cike duk giɓin da iyalin ɗalibi ba za su iya biya ba, bisa bayanan kuɗin iyali da aka cike a fom ɗin CSS Profile ko makamancinsa. Amma akwai bambanci tsakanin makarantar da ba ta duba aljihun mai nema lokacin yanke hukunci da wadda ke dubawa. Ga ɗan ƙasar waje, irin ta farko ƴan ƙalilan ce. Amherst da Bowdoin suna ciki. A sauran, neman tallafi mai yawa yana rage damar samun gurbi, ko da makin ɗalibi ya fi na yawancin waɗanda aka ɗauka.

Saboda haka kashi na uku, wato na tabbas, kusan babu shi ga ɗalibin Kano ko Damagaram da ke buƙatar cikakken tallafi. Makarantar da ta ɗauke shi ta bar masa giɓin dala dubu ashirin a shekara, a zahiri ba ta ɗauke shi ba. Ya kyautu irin wannan ɗalibi ya fara tace makarantu da tambayar nawa suke ba ƴan waje, ya kuma riƙe gurbi a jami'ar gida a matsayin madogara. Berea a Kentucky, wadda aka kafa a 1855, ba ta karɓar kuɗin karatu daga kowa, kowane ɗalibi kuma yana yi wa makarantar aiki, amma guraben ƴan waje a can kaɗan ne ƙwarai. Ofisoshin EducationUSA na gwamnatin Amurka a Abuja da Legas suna taimaka wa masu nema da bayanai irin waɗannan.

Karatu da wuri

Kwalejojin ba salo ɗaya gare su ba. Amherst da Grinnell sun sakar wa ɗalibi mara ya tsara darussansa, ban da darasi guda na shekarar farko. St. John's kuwa kowa tsari ɗaya yake bi, na karanta manyan littattafan Turai tun daga Girkawa. A Williams akwai darussan da ɗalibai biyu kaɗai ke zama da farfesa, ɗaya ya rubuta maƙala, ɗayan ya yi mata suka. Mai son injiniyanci sai ya bincika da kyau, domin yawancinsu ba sa koyar da shi. Swarthmore, Smith da Harvey Mudd suna yi, wasu kuma suna da yarjejeniyar shekara uku a kwaleji, biyu a wata jami'a. Ƙanƙantar makaranta na nufin wani sashe malamai huɗu ne kawai a ciki, idan ɗaya ya tafi hutun bincike darasinsa ya tafi da shi. Ƙawance yana rage wannan matsala: ɗaliban kwalejojin Claremont biyar a California suna shiga azuzuwan juna, haka ma Swarthmore, Haverford da Bryn Mawr.

Da yawa suna ƙananan garuruwa masu tsananin sanyi, nesa da babban birni. Ɗalibi Musulmi ya dace ya tambayi abincin halal, wurin sallar Juma'a, da ko ɗakin cin abinci yana tanadin sahur a watan azumi. Ya kuma tambayi inda ƴan waje ke zama idan aka rufe ɗakunan kwana lokacin hutun hunturu. A duba ƙarfin makarantar ma: Green Mountain ta rufe a 2019, Birmingham-Southern a 2024, duk saboda ƙarancin kuɗi.

Lokaci

Yawancin kwalejojin suna rufe karɓar takardu daga farko zuwa tsakiyar Janairu, su ba da amsa zuwa ƙarshen Maris, ɗalibi ya tsayar da zaɓinsa zuwa 1 ga Mayu. Akwai kuma nema da wuri a Nuwamba mai ɗauke da alkawari: makaranta ɗaya ake nema ta wannan hanya, idan ta ɗauki ɗalibi dole ya je, ya janye sauran takardunsa. Ƙananan kwalejoji suna cike kaso mai tsoka na gurabensu a wannan zagaye, amma mai bin sa ya rasa damar kwatanta tallafin makarantu daban-daban. Jarrabawar SAT, ta shiga jami'a a Amurka, ba dole ba ce a da yawa daga cikinsu. Bowdoin ta sauke wannan sharaɗi tun 1969, kodayake maki mai kyau yana taimaka wa ɗalibin da ofishin shiga bai san sakandarensa ba.