Quarter Horse da ƙungiyarsa ta jiha: ma'anar sunan da abin da ɗan ƙungiya yake samu

Duk wanda ya saba kallon bidiyon makiyayan Amurka masu malafa, inda doki ke tare saniya ya hana ta komawa garke, ko mahayi ke zagaye ganguna uku a guje, to ya ga Quarter Horse ko da bai san sunansa ba. Sunan daga filin sukuwa ya fito. Ma'anarsa dokin rubu'in mil, wato yadi 440, kimanin mita 402. A wannan ɗan gajeren zango da wuya wani irin doki ya kamo shi, har da Thoroughbred da ake sukuwar dogon zango da shi. Doki ne mai gajeren kai da faɗin ƙirji, cinyoyinsa na baya cike da nama, kuma a nan ƙarfin zaburarsa yake. Tsayinsa a kafaɗa yakan kama daga mita 1.42 zuwa 1.63.

Sai dai a Amurka siffa ba ta isa a kira doki da wannan suna ba, takarda ce ke magana. Uwar ƙungiyar da ke riƙe da littafin asalin waɗannan dawaki ita ce American Quarter Horse Association, AQHA a taƙaice. An kafa ta a 1940 a Fort Worth ta jihar Texas, hedkwatarta kuma tana Amarillo. Doki na farko a littafinta shi ne wani ingarma mai suna Wimpy, wanda aka ba lamba P-1 bayan ya lashe gasar Fort Worth a 1941. Daga lokacin zuwa yau ta yi wa dawaki sama da miliyan 6 rajista.

Ƙungiyar jiha ko ta yanki wani abu ne daban, kuma a nan sababbin shiga suke yawan ruɗewa. Ba ofishin AQHA ba ce da aka buɗe a wani gari. Ƙungiya ce mai tsarin mulkinta da shugabanninta da asusunta, wadda uwar ƙungiya ta amince da ita ta wakilci wannan yanki. Ba ta yi wa doki rajista, ba ta sauya sunan mai doki a takarda. Katinta daban, kuɗin shekararta daban. Babban aikinta shi ne ta kawo gasa kusa da gida: ta kama fili da barga, ta ɗauko alƙalan da AQHA ta ba lasisi, ta nemi amincewar uwar ƙungiya da ranakun, ta yadda makin da doki ya ci a ƙaramin gari zai shiga babban littafi a Amarillo.

Makin nan shi ne gishirin harkar, kuma yawan dawakin da suka shiga rukuni ne ke yanke shi. In ba su kai uku ba, babu maki ko ka zo na ɗaya. Uku zuwa huɗu, na ɗaya ya sami rabin maki. Biyar zuwa tara, na ɗaya maki ɗaya, na biyu rabi. Goma zuwa sha huɗu, maki biyu, ɗaya, da rabi. Haka abin ke hawa. Shi ya sa za ka ga mutum a bakin fili yana roƙon abokinsa ya ɗaura sirdi ya shiga, ba don ya ci ba, sai don dawaki huɗu su zama biyar. Dokin da ya tara maki 10 a wasannin hawa yana samun shaidar da suke kira Register of Merit, mai maki 50 a wasa guda kuma a kira shi Superior. Waɗannan kalmomi suna bin takardar doki har kasuwa, suna ɗaga farashinsa da na 'ya'yansa.

Wata dabarar da ƙungiyoyin jiha ke yi ita ce su tsayar da alƙalai biyu ko huɗu a fili lokaci guda. Mahayi ya yi wasa sau ɗaya, kowane alƙali ya rubuta nasa sakamakon, a lissafa kamar gasa biyu ko huɗu aka yi. An rage wa doki wahala, an rage kuɗin mai da na masauki. Amma kuɗin shiga ana biyansa ne a kan kowane alƙali, ga kuɗin ɗakin barga, ga na ofis, ga na shimfiɗar ƙasa. Wanda bai yi lissafi tun daga gida ba yakan sha mamaki a teburin sakatare.

Ba kowa ake haɗawa da kowa ba. Akwai rukunin da ƙwararrun masu horar da dawaki ke shiga, akwai na 'yan sha'awa waɗanda ba sa karɓar kuɗi don horarwa ko hawa, akwai na matasa 'yan shekara 18 zuwa ƙasa, sannan 'yan sha'awar da suka kai 50 suna da nasu. A ciki kuma an sake rabawa mataki-mataki, don kada sabon hannu ya faɗa bakin gwanaye. Wasannin suna da yawa. Akwai wanda ake jan doki da ragama a duba ƙirarsa kawai, ba hawa. A wasan ware saniya, minti biyu da rabi ake bayarwa, kuma da zarar an fitar da saniyar daga garke dole mahayi ya saki linzami, doki ya yi aikin da kansa. In alƙali ya ga hannu yana juya shi, a rage maki. A zagayen ganguna agogo ne alƙali, kuma kayar da ganga ɗaya ƙarin daƙiƙa biyar ne, a wasan da gwanaye ke gamawa ƙasa da daƙiƙa 20.

Bayan makin uwar ƙungiya, ƙungiyar jiha tana da nata littafin. A ƙarshen shekara ana taron cin abinci, a raba wa waɗanda suka fi maki sirdi da bargon doki da kan bel na azurfa. Ga inda ake asara: a yawancin ƙungiyoyin, makin jiha yana fara ƙirguwa ne daga ranar da aka biya kuɗin shekara na ƙungiya, wasu kuma sai an shigar da sunan dokin shi ma. Wanda ya ci gasa uku a watan Maris ya biya a watan Mayu, waɗancan ukun sun tafi. Kuskure na biyu shi ne sayen doki a bar sunan tsohon mai shi a takarda. A yawancin rukunoni, doka ta tanadi ɗan sha'awa ya hau dokin da yake nasa ko na iyalinsa, ko wanda aka rubuta hayarsa a hukumance. In takarda ta nuna wani suna, ana iya soke makin. Na uku takardun lafiya ne. Masu gasa suna neman gwajin jini na Coggins, wanda ke nuna doki ba ya ɗauke da wata cutar jini mai yaɗuwa ta cizon ƙuda, galibi wanda bai wuce shekara ba, kuma tsallaka iyakar jiha yana buƙatar shaidar likitan dabbobi. Ba takarda, ba a sauke doki daga tirela.

Masu kiwo su ma suna da rabonsu. Ƙungiyoyi da dama suna gwanjon barbara: masu ingarmu su ba da kyautar barbara guda, mai goɗiya ya saya da sauƙi, kuɗin ya shiga asusu, duƙushin da aka haifa kuma ya cancanci gasar ƙananan dawaki mai kyautar kuɗi. Kafin a saya, a nemi sakamakon gwajin cututtukan gado na ingarman. Mafi suna a cikinsu ita ce HYPP, wadda aka bi sawunta zuwa ingarma Impressive. Tana sa tsokar doki rawa da shanyewa, wani lokaci har mutuwa, kuma abinci mai yawan sinadarin fotasiyam yana tayar da ita. Duƙushin da aka haifa daga 2007 zuwa yau wanda ya gaji ƙwayar cutar daga uwa da uba duka, AQHA ba ta yi masa rajista. Ita rajistar kanta gara a yi ta da wuri, domin kuɗinta yana ƙaruwa da shekarun dokin.

Wanda ba ya sha'awar gasa yana da kilisar rukuni a daji, da ranakun koyon hawa a hannun ƙwararru, da tallafin karatu ga yaran 'yan ƙungiya, da ƙuri'a a zaɓen shugabanni.

Girman ƙungiyoyin ya bambanta ƙwarai. Wasu 'yan sa-kai ne ke tafiyar da su, gasa kaɗan a shekara. Ta jihar Ohio kuwa ita ce mai All American Quarter Horse Congress, wanda ta fara a 1967 a birnin Columbus. Yanzu makonni ake yi ana yin sa a wajajen watan Oktoba, kuma shi ne taron nuna dawaki iri guda mafi girma a duniya. Mutane da yawa suna ɗauka na AQHA ne, alhali ita gasar duniya ta uwar ƙungiya a Oklahoma City ake yin ta a watan Nuwamba. A wajen Amurka ma akwai irin waɗannan ƙungiyoyi, kamar DQHA ta Jamus da ABQM ta Brazil, inda ake kiran dokin Quarto de Milha, wato dai rubu'in mil ɗin da harshen Fotugis.