Binciken aure: me ya sa muke jin abin da muka je nema?

Ta yaya zato ke shiga cikin tambaya?

A ɗauki binciken aure. An aiki kawu unguwar Mabera a Sakkwato ya binciko halin yaron da ke neman 'yar gidan. Tun bai hau babur ba wani ya raɗa masa cewa yaron na da zafin rai. Yana isa majalisar unguwar sai ya ce, "Malam, wai yaron nan yana yawan faɗa da mutane ko?" Ai magana ta ƙare. Wa ye bai taɓa ɗaga murya ba? Maƙwabci zai lalubo wata rana guda ya ba shi, kawu ya koma gida Runjin Sambo yana ganin ya samo hujja. Da ce masa aka yi yaron ustazu ne, sallar asuba zai tambaya, ya dawo da yabo.

Masana sun taɓa gwada wannan?

Sun gwada. A 1978, Mark Snyder da William Swann na Jami'ar Minnesota a Amurka sun ba ɗalibai mata tambayoyi 26, kowacce ta zaɓi 12 da za ta yi wa wata baƙuwa. Waɗanda aka ce su gano ko baƙuwar mai son jama'a ce sun fi zaɓar irin su "me za ki yi ki raya taro?" Waɗanda aka ce su gano ko mai kunya ce suka karkata ga "me ke hana ki sakin jiki da mutane?" Abin ɗaure kai, wasu da suka saurari amsoshin kaɗai a faifai sun ga baƙin kamar yadda aka zace su tun farko, alhali tambayoyin ne suka tura su can.

To, a daina bincike ke nan?

A'a. Malamai sun ce faɗin gaskiya kan mai neman aure, idan an nemi shawararka, ba giba ba ce. Yawan zato ne aya ta 12 a Suratul Hujurat ta ce a nisanta.

Wace tambaya ce ta fi?

Wadda amsarta za ta iya faɗawa kowane ɓangare: "Yaya zamanku da shi?" Sai ka yi shiru, wanda shi ne ke ba manya wahala. Kuma kada a tsaya kan liman da mai unguwa. A nemi wanda ya taɓa ba shi bashi a Tsohuwar Kasuwa, ko wanda suka yi doguwar tafiya tare.