Ciyaman da kansila ma dokar ɗa'ar ma'aikata ta hau kansu

Da yawanmu in aka ce bayyana kadara sai mu ɗauka maganar manyan Abuja ce, su shugaban ƙasa da ministoci da sanatoci. To ba haka ba ne wallahi. Jadawali na 5 na kundin tsarin mulkin 1999 ya jero waɗanda ƙa'idar ta shafa, a ciki har da shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli da ma'aikatan sakatariya, wato duk ƙananan hukumomi 774 ɗin nan babu wacce aka tsame, gwamna da kwamishinoninsa da 'yan majalisar jiha kuwa ba a ma magana.

Abu na farko fom ne na Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, CCB. Kana kama aiki za ka rubuta duk abin da ka mallaka, gida, fili, gona, mota, kuɗin banki, har bashin da ake binka, da na 'ya'yanka da ba su yi aure ba kuma ba su kai 18 ba. Bayan shekara huɗu ka sake, ranar da za ka sauka ka sake. Gwamna ma sashe na 185 cewa ya yi ba zai fara aiki ba sai ya bayyana tukuna.

Ga inda dokar take da haƙori. Duk abin da ka samu bayan ka cike fom ɗin, in albashinka ko halastacciyar kyauta ko rance ba za su iya bayaninsa ba, ana ɗauka ta haramtacciyar hanya ka same shi har sai kai ka kawo hujja. Wato mutumin da ya shiga ofis da tsohuwar Golf da gidan gado, ya fito da gidan mai biyu da plaza a bakin titi, shi zai yi bayani, ba mai ƙorafi ba. Kuma wayon nan na sa sunan ƙanin mata ko yaron gida a takardar fili, masu rubuta dokar sun san da shi, sakin layi na 13 ya ce abin da ka yi ta hannun wakili kai ka yi.

Sai maganar kyauta, wacce ita ce ta fi ruɗa mutane a wajenmu saboda mu mutanen alheri ne, ana suna ana biki ana kai gudummawa. Dokar ba ta hana wannan ba, ta yarda ka karɓi kyautar ɗan'uwa ko aminin ka daidai yadda al'ada ta saba. Amma ɗan kwangilar da ke jiran a sa hannu a biya shi kuɗin ginin ajujuwa ya aiko da sa da buhunan shinkafa ana jibi sallah, ko ya biya wa hajiya kujerar Makka, wannan doka ta ce a ɗauke shi a matsayin cin hanci har sai an nuna akasin haka, ko da an kira shi goron sallah. Wadda aka ba ka a wajen taro kuwa, irin su ranar buɗe asibiti, ta ofis ce, ba ta ɗakin maigida ba.

Kasuwanci ma haramun ne ga mai cikakken aikin gwamnati, ba zai gudanar da kamfani ko shago ba, noma kaɗai aka bar masa. Shi ya sa za ka ga kowane babba manomi ne a takarda, to Allah ya ba da damina mai albarka. Albashi biyu daga ofis biyu shi ma babu. Gwamna da kwamishina da ɗan majalisa kuma ba su da izinin ajiya a bankin waje.

Wanda aka kama, kotun ɗa'ar ma'aikata, CCT, za ta iya sauke shi, ta hana shi riƙe muƙami har shekara 10, ta ƙwace kadarar, kuma wannan bai hana EFCC ko ICPC su maka shi a kotu kan laifin sata ba. Gwamna da mataimakinsa suna da rigar kariya ta sashe na 308 sai sun sauka, ciyaman ba shi da ko hula.

To me ya sa ba ma ganin ana kama su? Ni a ganina matsalar fom ɗin a kulle yake. Kundin ya ce ɗan ƙasa zai iya dubawa amma bisa sharuɗɗan da majalisar tarayya za ta gindaya, CCB kuma ta sha fakewa da wannan ta hana masu nema. Marigayi 'Yar'aduwa ya buga nasa a 2007 don raɗin kansa ne, ba tilas aka yi masa ba. Alhali waɗanda suka san gaskiyar me ciyaman ke da shi kafin zaɓe su ne 'yan unguwarsu da dillalin filaye da magini, ba jami'in da ke zaune a hedikwata ba, su kuma ba a nuna musu abin da ya rubuta. Abin da ya rage musu shi ne ƙorafi a rubuce zuwa CCB, tana da ofisoshi a jihohi, a saka lambar fili da wurin da yake da lokacin da aka saya, don "kowa ya sani" ba ya tsayawa a gaban alƙali.