Harbuwar Mikin Tiyata a Jikin Tsohon Kare

Harbuwar mikin tiyata ita ce shigar ƙwayoyin cuta wurin da aka yanka a lokacin aiki, su hayayyafa har su fi ƙarfin garkuwar jiki, miki ya kumbura, ya ɗuri ruwa, ya ƙi haɗewa. A ƙa'idar da likitocin mutane da na dabbobi suke bi, ana ɗora alhakin harbuwar a kan tiyatar idan ta bayyana cikin kwana 30 bayan aikin, kuma wa'adin yakan ƙaru idan an bar wani abu a cikin jiki, kamar ƙarfen da ake ɗaure karaya da shi. Ana kasa ta gida uku gwargwadon zurfinta: wadda ta tsaya a fata da kitsen da ke ƙarƙashinta, da wadda ta kai ga tsoka, da wadda ta shiga kogon ciki ko ƙirji ko gaɓa ko ƙashi. Ta farko ce aka fi gani, kuma ita ce mafi sauƙin magani idan an farga da wuri.

Tsufa da jinkirin warkewa

Ba shekara ɗaya ce duk karnuka suke tsufa ba. Manyan jinsuna sukan shiga tsufa tun suna da shekara 6 ko 7, ƙananan kuwa sai sun kai wajen shekara 10. Shekarun kansu ba cuta ba ne, amma suna zuwa da rakiya. Fatar tsohon kare takan yi siriri, gudun jini zuwa gare ta yakan ragu, garkuwar jikinsa kuma ba ta saurin tashi kamar ta ƙuruciya. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne cututtukan da suke ɓoye a jikinsa tun kafin a kwantar da shi a kan teburin tiyata: ciwon sukari, ciwon ƙoda, raunin aikin ƙullin maƙoshi da ake kira tayiroid, da cutar Cushing, wadda a cikinta jiki yake fitar da sinadarin kotisol fiye da kima, sinadarin da ke danne garkuwa ya kuma hana sabon nama tsirowa. Karen da ya daɗe yana shan magungunan siteroyid saboda ƙaiƙayi ko wata larura yana cikin irin wannan hali. Ƙiba ma tana da nata rabo, domin kitse ba shi da wadatar jijiyoyin jini, kuma nauyi yana jan ɗinki. Saboda haka ne idan mikin tsohon kare ya ƙi warkewa duk da magani, ƙwararren likita ba ya tsayawa ga mikin kaɗai, sai ya ɗebi jini da fitsari ya nemi abin da ke hana jikin yin aikinsa.

Ƙwayar cutar da aka fi samu a irin wannan miki ita ce Staphylococcus pseudintermedius, wadda take zaune a fata da baki da hancin karnuka masu lafiya ba tare da ta cutar da su ba, sai dai idan ta sami ƙofa. Akan sami wasu kamar Escherichia coli da Pseudomonas da Enterococcus, musamman idan mikin yana kusa da dubura ko yana yawan jiƙewa da fitsari. Mafi yawan lokuta, ke nan, cutar daga jikin karen kansa take fitowa, kuma harshensa yana daga cikin hanyoyinta. Tsawon lokacin aikin da daɗewa cikin maganin sa barci su ma suna ƙara haɗarin.

Yadda ake bambance warkewa da harbuwa

Wannan shi ne wurin da mai kare ya fi buƙatar ido, domin miki mai lafiya ma yakan yi ɗan ja da ɗan kumburi a kwana uku zuwa biyar na farko, wani lokaci har da ɗan ruwa garai-garai mai surkin jini. Wannan aikin jiki ne, kuma alamarsa ita ce kullum raguwa yake yi. Harbuwa kuwa gaba take ci: jan yana faɗaɗa ya wuce bakin ɗinki, wurin yana zafi idan an kusanta bayan hannu, karen yana zabura ko ya yi gurnani idan an taɓa, ruwan yana kauri ya koma mugunya fara ko ruwan ɗorawa ko kore, kuma sau da yawa wari yakan biyo baya. Idan abin ya yi nisa, zare yakan tsinke ko ya yanke fata, bakin mikin ya buɗe. Dabara mai amfani ita ce ɗaukar hoton mikin kullum a lokaci ɗaya kuma cikin haske iri ɗaya, domin idon da ke ganin abu kowace rana ba ya saurin lura da sauyin da ke zuwa a hankali.

Akwai wani kumburi da ake yawan ɗauka harbuwa ce alhali ba ita ba ce, wato taruwar ruwan jiki a ƙarƙashin fata inda aka cire ƙari ko inda fata take yawan motsi. Irin wannan yakan yi laushi kamar salka, ba ya zafi, ba ya ciwo sosai, kuma galibi jiki yakan shanye shi da kansa. Ba a huda shi a gida, domin hudawar ce take shigar masa da cuta.

Tsohon kare ba kullum yake nuna ciwonsa a fili ba, kuma nan ne ake yawan yin kuskure, a ce ai tsufa ne ya sa ya kwanta. Ƙin abinci, yawan barci, ɓuya a lungu, rawar jiki ko haki ba tare da ya yi gudu ba, duk suna iya zama alamar cutar ta wuce fata. Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39.2 a ma'aunin Salsiyos idan an auna ta dubura, abin da ya haura 39.5 kuwa zazzaɓi ne. Sai dai rashin zazzaɓi ba hujja ba ce ta lafiya, domin tsohon karen da cutar ta shiga jininsa jikinsa yana iya yin sanyi maimakon zafi. Idan dasashinsa ya yi fari ko ya yi ja jawur, ko yana amai, ko ya kasa tashi, ko ɗinkin ciki ya buɗe har ana hango abin da ke ciki, to ba a jira wayewar gari. A rufe wurin da tsaftataccen ƙyalle da aka jiƙa da ruwan gishirin asibiti, a kai shi wurin likita nan take.

Aikin likitan dabbobi

Likita yakan aske gashin da ke kewaye, ya duba zurfin mikin, ya ɗebi samfur daga cikinsa a kai ɗakin gwaji don a gano ƙwayar cutar da maganin da ke kashe ta, sakamakon da yakan ɗauki 'yan kwanaki. Wannan gwaji ya ƙara muhimmanci tun da aka fara samun nau'o'in Staphylococcus da ba sa jin yawancin magungunan da aka saba da su. Kafin sakamako ya fito akan fara da magunguna irin su sefaleksin, ko amoksisilin da aka haɗa da kilabulanet, ko kilindamaisin, sannan a sauya idan gwaji ya nuna buƙata.

Magani shi kaɗai ba ya isa inda mugunya ta taru, domin jini ba ya kai shi cikin mataccen nama. Dole a cire wasu zaruruwa a buɗe hanya, a wanke da ruwa mai yawa, a yanke naman da ya mutu, wani lokaci a sa ɗan bututun da zai riƙa tsiyayar da ruwa. Sau da yawa akan bar mikin a buɗe ya cike daga ƙasa zuwa sama da sabon nama ja mai ɗanshi, ana sauya bandeji a kai a kai, kuma wannan yakan ɗauki makonni. Wasu likitoci suna amfani da zumar da aka tsaftace musamman don miki. Idan akwai ƙarfe a ƙashi, ƙwayoyin sukan yi wa kansu wata yauƙi a jikinsa da magani ba ya ratsawa, don haka akan riƙe cutar da magani har ƙashi ya haɗe, sannan a cire ƙarfen.

Kulawa a gida

Babu abin da ya kai hana lasa muhimmanci. Maganar da ake yi cewa yawun kare magani ne ga mikinsa ba ta da amfani a nan, domin harshensa mai kaushi ne, bakinsa cike yake da ƙwayoyin cuta, kuma cikin 'yan mintuna yana iya tsinke ɗinkin da aka daɗe ana yi. Abin wuyan roba mai siffar mazurari shi ne kariya mafi inganci, matuƙar bakinsa ya wuce tsinin hancin karen, kuma ana barinsa dare da rana har a cire zare, wanda a miki mai lafiya yakan kasance bayan kwana 10 zuwa 14, a mikin da ya harbu kuwa yakan wuce haka. Gaskiya ne tsohon kare, musamman wanda ganinsa ko jinsa ya ragu, yakan sha wahala da shi a kwanakin farko, yana karo da bango yana kasa kai baki ga kwano. Maganin wannan shi ne a kawar da abubuwa daga hanyarsa, a ɗaga masa kwanon abinci, ko a nemi shawarar likita kan abin wuya mai laushi ko rigar da ke rufe wurin. Cire masa saboda tausayi da daddare, lokacin da ba mai gani, shi ne ya fi mayar da aiki baya.

Wajen wanki, a wanke hannu a sa safar hannu, a yi amfani da ruwan gishirin asibiti mai kashi 0.9 cikin 100, ko maganin wanke miki da ake kira kulohekzidin, wanda aka tsinka zuwa kashi 0.05 cikin 100 idan likita ya ce a yi. Ana shafawa daga tsakiya zuwa waje, kowane gefen ƙyalle sau ɗaya. Sifirit da haidurojin feroksaid ba su dace ba, domin suna ƙona sabon naman da ake jira ya tsiro. Bandejin da ya jiƙe ko ya zame ko ya fara wari a sauya shi, kuma idan a ƙafa yake a riƙa duba yatsu, domin kumburinsu ko sanyinsu alama ce ta cewa ɗaurin ya yi tsauri. Karen da ke jin ciwo yana iya cizon wanda ya fi so, saboda haka babu laifi a sa masa takunkumi na ɗan lokacin wankin. Inda ƙudaje suke da yawa a tsare shi a cikin ɗaki, domin ƙwan da suke sakawa a miki yana iya zama tsutsa cikin yini guda.

A ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta a kan lokaci har iyakar kwanakin da aka yanka, ko da mikin ya yi kyau a ido. Maganin rage ciwo kuwa yana buƙatar taka tsantsan na musamman ga tsoho, domin irin su meloksikam da karfurofen, duk da amfaninsu, suna iya taɓa ƙoda da hanta da ciki, kuma ba a haɗa su da siteroyid. Idan ya fara amai ko kashinsa ya yi baƙi, a dakata a kira likita. Ibufurofen na mutane guba ne ga kare, farasitamol ma ba a ba shi sai da awon likita.

Jiki ba ya gina nama da yunwa. Tsohon kare mai miki yana buƙatar abinci mai wadatar furotin, sai dai idan yana da ciwon ƙoda, inda likita ne zai tsara masa. Ɗumama abincin kaɗan yana tayar da ƙamshinsa ya jawo sha'awar ci, kuma ba shi kaɗan-kaɗan sau da yawa ya fi cika masa kwano sau ɗaya. Ruwa ya kasance kusa da shi kullum. Shimfiɗarsa ta zama mai laushi, busasshiya, ana wanke ta akai-akai, wanda ba ya iya juyawa da kansa kuma a riƙa juya shi duk bayan 'yan sa'o'i don kada gwiwoyi da ƙugu su yi gyambon kwanciya. Ana fita da shi da igiya don biyan buƙata da ɗan taku kaɗan, ba gudu, ba tsalle, ba wanka, domin kwanciya gaba ɗaya tana sandarar da gaɓoɓin tsoho, motsi mai yawa kuma yana buɗe ɗinki.

Ko bayan fata ta haɗe, tabon yakan ci gaba da ƙarfafa har tsawon watanni, kuma ba ya wuce kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfin fatar asali. Idan wani ɗan rami ya sake buɗewa a jikin tabon yana tsiyayar ruwa bayan makonni, yawanci zaren ciki ne ko ƙarfe yake riƙe da cutar, kuma sai an cire shi wurin yake rufewa.