Beli Ba Sallama Ba Ce, Ba Kuma Tara Ba

Duk ranar da aka gurfanar da wani babba a kotu, kalmar beli ce ke cika rediyo da Facebook. Da alƙali ya bayar da shi sai ka ji mai gabatar da shiri yana cewa "kotu ta sallame shi", a majalisar unguwa kuma a hau zagin lauyansa, wai ya fitar da ɓarawo. Wannan magana tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Daga Turanci muka aro kalmar. Nufinta a bar wanda ake tuhuma ya kwana a gidansa, bisa alkawarin zai zo kotu duk ranar zama, wani kuma ya tsaya masa. Shari'a tana nan daram. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai an tabbatar da laifin a kansa, kuma wannan sashen lauya yake karewa idan ya miƙe neman beli.

Ruɗanin kuɗin ne ya fi damuna. Ana ɗauka "beli a kan naira miliyan goma" tara ce da za a zube. Galibi ko sisi ba a ajiyewa. Mai tsayawa ne ke sa hannu cewa in mutumin ya gudu, shi zai biya. Wahalar tana wajen samun mai tsayawar.

Ku tuna yaran zanga-zangar tsadar rayuwa da aka kai Babbar Kotun Tarayya a Abuja ranar 1 ga Nuwamba 2024, bayan wajen wata uku a tsare, har wasu suka yanke jiki suka faɗi. Aka ce kowanne miliyan goma, da babban ma'aikacin gwamnati da zai tsaya masa. Don Allah, ina ɗan talaka daga Kano zai samo irin wannan mutum a Abuja? Labarai suka ce "an ba su beli", alhali tsare aka mayar da su. Dokar shari'ar manyan laifuka ta 2015 ta hana tsaurara sharuɗɗa fiye da kima, kuma a ganina belin da ba ya cikuwa hanawa ce kawai aka sauya wa suna. Sai da ƙasa ta ɗauki zafi Shugaba Tinubu ya ba da umarnin sakinsu, aka janye tuhumar.