Shirin New Deal na Amurka: tambayoyi da amsoshi kan yadda gwamnati ta tunkari babbar karayar tattalin arziki

Wane hali Amurka ke ciki kafin a ɓullo da wannan shiri?

A ranar Talata 29 ga Oktoba 1929 kasuwar hannun jari ta New York ta rufta, amma ɓarnar da ta fi taɓa talaka ita ce wadda ta biyo baya a bankuna. Da zarar an ji jita-jitar cewa wani banki na tangal-tangal, sai masu ajiya su yi cincirindo a ƙofarsa kowa yana neman kuɗinsa, kuma tun da babu bankin da ke riƙe da dukan kuɗin jama'a a cikin akwati, ko mai lafiya ma durƙushewa yake yi. Tsakanin 1930 da 1933 bankuna kusan 9,000 suka rufe. Zuwa 1933, mutum ɗaya cikin kowane huɗu masu iya aiki yana zaman kashe wando, wato wajen mutum miliyan 13. Waɗanda aka kora daga gidajensu suka kafa bukkokin kwano da kwali a bayan gari, suka kuma raɗa wa unguwannin suna Hooverville domin yi wa shugaba Herbert Hoover shaguɓe, shi da ya daɗe yana ganin ciyar da mabuƙata aikin ƙungiyoyin jinƙai ne da ƙananan hukumomi. Guguwar ta iso har ƙasar Hausa, inda farashin gyaɗa ya faɗi warwas a Kano, alhali mai karɓar haraji bai daina zuwa ba.

To, mene ne New Deal ɗin?

Suna ne da Franklin Roosevelt ya furta a Chicago a watan Yuli 1932, lokacin da ya karɓi tutar takarar shugaban ƙasa ta jam'iyyar Democrat, kuma ma'anarsa a taƙaice sabon tsari ga jama'ar Amurka. Tarin dokoki ne da hukumomi da aka kafa tsakanin 1933 da 1938, waɗanda aka saba kasa manufarsu gida uku: agajin gaggawa ga wanda ba shi da na sakawa a bakin salati, farfaɗo da noma da masana'antu, sai kuma gyaran tsari domin kada a maimaita. Roosevelt bai zo da rubutaccen jadawali ba, ya yi ta gwaji ne, abin da ya yi aiki a riƙe, wanda ya ƙi a watsar.

Da me ya fara?

Da bankuna ya fara. An rantsar da shi a matsayin shugaban ƙasa ranar 4 ga Maris 1933, ranar 6 ga wata ya ba da umarnin rufe dukan bankunan ƙasar, ranar 9 kuma majalisa ta zartar da dokar gaggawa cikin yini guda, wadda ta ba gwamnati ikon bincika littattafan kowane banki kafin a bar shi ya buɗe. A daren Lahadi 12 ga Maris ya yi wa jama'a jawabi ta rediyo cikin harshe mai sauƙi, ya bayyana musu abin da banki ke yi da kuɗin ajiya, ya kuma ce musu ajiya a bankin da aka sake buɗewa ta fi ajiya a ƙarƙashin katifa tsaro. Da aka fara buɗewa washegari, sai ga layuka kamar na baya, sai dai a wannan karon mafi yawan mutane kuɗi suka kawo. A cikin kwana ɗari na farko majalisa ta zartar da manyan dokoki 15.

Yaya aka raba agajin, kuɗi aka bayar ko aiki?

An fara da kuɗi, domin hukumar agaji ta FERA a ƙarƙashin Harry Hopkins ta samu dala miliyan 500 a watan Mayu 1933 ta rarraba wa jihohi. Sai dai Hopkins da Roosevelt duka suna ganin miƙa wa magidanci sadaka wata bayan wata yana kashe masa zuciya, don haka nauyin ya koma kan samar da aiki, kuma a ganina nan ne shirin ya fi yin abin a yaba.

A duba shirin CCC. Ana ɗaukar saurayi marar aure ɗan shekara 18 zuwa 25 a kai shi sansani a daji, a ba shi tufafi da makwanci da abinci sau uku a rana, ya yini yana dasa itatuwa ko yaƙi da zaizayar ƙasa. Albashinsa dala 30 ne a wata, amma dala 5 kawai ke shiga aljihunsa, sauran 25 kai tsaye ake aika wa iyayensa a gida. Da wannan dabara guda aka raba matashi da yawon titi, aka kuma ɗora tukunya a gidansu. Kafin a rufe shirin a 1942 samari kusan miliyan 3 sun bi ta cikinsa, sun dasa itatuwa kimanin biliyan 3.

Shirin WPA, wanda aka kafa a 1935, ya fi shi girma: ya ɗauki mutum wajen miliyan 8.5 aiki zuwa 1943, aka gina ko aka gyara hanyoyi fiye da mil 600,000, ban da makarantu da asibitoci da gadoji. Har marubuta da masu zane aka ɗauka, kuma cikin ayyukansu akwai rubuta labaran tsofaffin bayi fiye da 2,000 daga bakinsu.

Da gaske ne gwamnati ta biya manoma su lalata amfanin gona alhali ana yunwa?

Gaskiya ne. Matsalar manomi a lokacin ita ce amfani ya yi yawa har farashi ya kasa mayar da kuɗin noma, sai dokar AAA ta 1933 ta tanadi a biya shi ya rage abin da yake shukawa domin farashi ya ɗaga. Da yake an riga an yi shuka kafin dokar ta fito, sai aka bi gonakin auduga kusan eka miliyan 10 da garma aka tumɓuke, aka kuma yanka aladu wajen miliyan 6. An ba da labarin cewa alfadaran da aka horar su riƙa bin tsakanin kunyoyi sun riƙa turjewa da aka nemi su tattake audugar. Farashi ya ɗaga kam, amma kuɗin diyyar hannun mai gona ya shiga, shi kuma da ya rage noma sai ya sallami talakawan da ke noma masa a raba amfani, da yawansu baƙaƙen fata na jihohin kudu.

Waɗanne gyare-gyare ne suka ɗore?

Wannan ɓangare ne ya fi daɗewa. Dokar banki ta 1933 ta raba bankin ajiya da bankin zuba jari, rabon da ya ɗore har 1999, ta kuma kafa hukumar FDIC mai inshorar kuɗin ajiya, wadda ta fara da lamunin dala 2,500 ga kowane mai ajiya a watan Janairu 1934. Daga nan rububin ƙofar banki ya zama abin da ba a cika gani ba. Irin wannan tsari ne Najeriya ta ɗauka da ta kafa NDIC a 1988. A 1934 aka kafa SEC mai sa ido kan kasuwar hannun jari. A 1935 aka ba ma'aikata 'yancin kafa ƙungiyoyin ƙwadago da zama teburin ciniki da masu kamfani, sannan ranar 14 ga Agusta aka sa hannu kan dokar fanshon tsofaffi da alawus na waɗanda suka rasa aiki, wadda Frances Perkins, mace ta farko da ta zama minista a ƙasar, ta jagoranci tsarawa. Dokar 1938 ta sa mafi ƙarancin albashi santi 25 a awa, ta kuma hana sa ƙananan yara aiki a masana'antu. Hukumar TVA, mai gina madatsun ruwa da samar da lantarki a kwarin kogin Tennessee, da shirin kai lantarki karkara su ma sun canza rayuwa, domin a tsakiyar shekarun 1930 gona ɗaya cikin goma ce ke da wuta, amma a farkon shekarun 1950 tara cikin goma sun samu.

Akwai tabo a nan ma. Dokar fansho ta cire leburorin gona da masu aikatau a gidaje, kuma waɗannan sana'o'i biyu ne suka ƙunshi akasarin baƙaƙen fata masu aiki a lokacin.

Su wa suka yi adawa da shi?

Attajirai sun kira shi gurguzu, shi kuwa Sanata Huey Long na Louisiana cewa ya yi bai taɓa dukiyar masu kuɗi yadda ya kamata ba. Amma Kotun Ƙoli ce ta fi yi masa illa. A watan Mayu 1935 ta soke dokar da ta kafa hukumar NRA mai tsara farashi da albashi a masana'antu, a wata shari'a da ta shafi 'yan'uwa masu sayar da kaji a Brooklyn, sannan a Janairu 1936 ta soke AAA. Roosevelt, bayan ya lashe jihohi 46 cikin 48 a zaɓen 1936, ya nemi a ba shi damar ƙara alƙalai har shida a kotun. Nan ya wuce gona da iri, kuma 'yan jam'iyyarsa ne suka taimaka wajen kashe ƙudurin.

Shin New Deal ne ya kawo ƙarshen karayar?

Ya rage ta sosai, bai kawar da ita ba. Tattalin arziki ya bunƙasa da sauri daga 1933 zuwa 1937, kuma masana da dama suna danganta kaso mai tsoka na wannan ga raba dala da ma'aunin zinariya (wato daina ɗaure darajarta da zinariya) a 1933, da ɗaga farashin zinariya daga dala 20.67 zuwa 35 a 1934, abin da ya sa kuɗi suka yawaita a hannun jama'a. Rashin aiki ya sauka zuwa kusan kashi 14 cikin ɗari a 1937. A shekarar ce gwamnati ta ɗauka an tsallake siraɗi, ta rage kashe kuɗi domin daidaita kasafi, babban banki kuma ya tsaurara sharuɗɗa a kan bankuna, sai tattalin arziki ya sake zamewa, rashin aiki ya koma wajen kashi 19 a 1938. Sai da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, gwamnati ta kashe kuɗin da ya ninka na New Deal sau da yawa wajen ƙera jiragen sama da na ruwa da tankokin yaƙi, ta kuma ɗauki miliyoyin samari soja, sannan rashin aiki ya faɗo ƙasa da kashi 2 cikin ɗari a 1944.